Ziyarar Dangi A Briqueterie: A Fito Daga Ɗaki A Hau Dutsen Fébé

Da wuya mutum ya zauna a rumfar 'yan atamfa a Mubi ko Gamborun Ngala ko Garwa, ya rasa wanda zai ce masa yana da ɗan uwa a Briqueterie. Wani ƙanin mahaifinsa ne ya tafi fatauci ya zaune, wani ƙanwarsa aka kai aure, wani kuma ɗansa ne ke koyon ɗinki a can. Wannan unguwa da mazaunanta ke gutsure sunanta su ce Birik, ita ce zangon Hausawan Yawunde, babban birnin Kamaru, kuma duk baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasan Ngaundare da jaka a hannu, direban tasi ba ya buƙatar dogon kwatance kafin ya kai shi.

Sunan unguwar na Faransanci ne, ma'anarsa wurin buga tubali, domin a nan aka yi masana'antar jan bulo tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Ewondo masu ƙasa kuwa Ekoudou suke ce wa wurin. Kakanninmu fatake sun iso garin tun a wancan zamani, an yi ta ɗage su daga wannan wuri zuwa wancan yayin da birni ke faɗaɗa, har a shekarun 1930 aka tsugunar da su inda suke a yau. Abin da suka zo da shi yana nan: babban masallaci, layin teloli da masu surfani, shagunan shadda, da mahautan da tsirensu, wanda 'yan Kamaru ke kira soya, ke jawo manyan motoci cikin lungu da daddare.

To amma yaya ziyarar yawancinmu take? Mu faɗi gaskiya. Ɗan kasuwa zai kwana a jirgi tafiyar sama da kilomita 600 daga Ngaundare, ya sauka da safe, a gaisa, a ci abinci, sai ya wuce kasuwar Mokolo ko babbar kasuwa duba kaya. Da yamma a zauna ƙofar shago ana lissafin sefa da naira. Kwana uku a haka, na huɗu ya ɗaure kayansa ya nufi Duwala ko Kye-Ossi. Idan ya koma gida aka tambaye shi sunayen 'ya'yan ɗan uwan nasa, sai ya faɗi biyu ya tsaya. Ya je garin, ya sauke nauyin gaisuwa, amma yaran gidan ba su san shi ba, shi ma bai san su ba.

A da ana iya cewa wata tafiyar ta gyara. Yanzu kuwa mun ga yadda hanya ke rufewa ba shawara. Rikicin Boko Haram ya kashe zirga-zirga ta Banki da Amchide da Fotokol na shekaru tun daga 2014. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019 ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020, ga kuma korona a tsakani. Akwai gidajen da aka yi shekara biyar ba a ga juna ba sai ta waya. Yaron da ka bari yana rarrafe ka tarar ya shiga firamare yana yi maka Faransanci. Don haka kwanakin da Allah ya ba mutum a gidan ɗan uwansa ba na zubarwa ba ne.

Abin da muke son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne wani abu da ke ƙofar gidan masu masaukinsa, wanda baƙi da yawa ba su taɓa ɗaga kai sun kalla ba. Yawunde gari ne na duwatsu, har ana yi masa kirari da birni mai tuddai bakwai, ko da yake wanda ya ƙirga zai samu sun fi haka. A harshen Ewondo "nkol" na nufin tudu, shi ya sa za ka ji Nkolbisson da Nkolndongo da Nkol-Eton. Garin kansa yana bisa tsayin kimanin mita 750 daga teku, abin da ya sa safiyarsa ke da sanyi, ba irin ta Marwa ba. Daga arewa maso yammacin Birik, idan ka bi ta Tsinga, ka wuce babban masallacin da Saudiyya ta gina, ka bar zauren taro na Palais des Congrès da 'yan Sin suka gina aka buɗe a 1982, sai ga dutsen Fébé a gabanka, mai tsayin kimanin mita 1,070. Wato hawan da ke tsakaninka da ƙololuwa bai wuce mita 300 da 'yan kai ba. A baki kaɗan ne. A gwiwar mai shekara hamsin da ya saba zaman benci, wani labari ne.

A gindin dutsen akwai filin motsa jiki da ake kira Parcours Vita, hanya ce ta ƙafa da ke ratsa itatuwa, an kakkafa wuraren miƙe jiki a gefenta. Asalin wannan tsari daga birnin Zurik na ƙasar Suwizalan ne, inda wani kamfanin inshora mai suna Vita ya ɗauki nauyin na farko a 1968, sunan kuma ya bi shi har Afirka. Wanda bai son shiga nan sai ya bi kwaltar da ke nannaɗe dutsen, ta gefen filin wasan golf, har zuwa otal ɗin Mont Fébé. Ranakun Asabar da Lahadi da sassafe hanyar cike take: ma'aikatan gwamnati masu tumbi, sojoji, 'yan makaranta, mata rukuni-rukuni suna waƙa suna tafawa. Ba wanda ke kallon wani.

Mu ma a ziyarar da muka kai wa wani yayanmu mai shagon yadi, 'ya'yansa ne suka matsa sai an je. Mun fita bayan sallar Asuba, mu shida, da gorunan ruwa da ƙunshin ƙosai. A nan rana ba ta canja lokacin fitowarta sosai, rani da damina wajen ƙarfe shida ne, saboda kusancin garin da tsakiyar duniya, kuma wanda ya kai ƙarfe tara bai fara hawa ba ya makara. Mun yi minti ashirin na farko ana raha. Daga nan masu shago suka yi shiru, sai haki.

Abin da ya sa muke wannan rubutu ya faru ne a tsakiyar hawan. Babban ɗan gidan, saurayi ɗan shekara goma sha tara, kwana biyu muna tare bai ce mana komai ba ban da "ina kwana Baffa" da "sannu da hutawa". Mun ɗauka miskili ne. Ashe kunya ce iri biyu: ta zama gaban uba, da ta Hausarsa da ke gauraye da Faransanci, wadda ya taɓa zuwa Kano aka yi masa dariya a kanta. A kan dutse kuwa shi ne jagora. Shi ya san inda ake yanke, shi ke jiran mu a kwana, shi ke nuna mana wancan filin ƙwallon Ahmadu Ahijo ne, wancan tudun Ngoa-Ekellé ne inda jami'a take. Daga nuna jami'a magana ta fito: ya ci jarrabawar bakaloriya, yana son ya karanci lissafin kuɗi, mahaifinsa kuma ya riga ya yanke cewa shago zai zauna. Wata shida yana neman yadda zai faɗa bai samu ba.

A al'adarmu ɗa ba ya zama gaba da gaba da mahaifinsa ya ja magana, kuma a ɗakin Birik da mutum goma ke shiga suna fita, ga baƙi ga rediyo, ba inda za a keɓe. Amma a hanya kowa gabansa yake kallo, ba a haɗa ido, uba yana baya taku goma yana jin komai ba tare da an ce da shi ake ba. Aikin baffa da kawu ke nan tun fil azal, su ɗauki maganar da ta fi ƙarfin bakin yaro su kai ta inda ya kamata. Yayan namu bai ce uffan ba sai da muka zauna a sama, garin duka a ƙarƙashinmu, jan rufin kwano har iyakar gani. Can ya tambayi yaron nawa ne kuɗin rajista. Ba a gama maganar a ranar ba, kuma yayan namu yana da hujjarsa, domin shagon ne ke ciyar da gidan. Amma an buɗe ta.

Wani zai ce hawan dutse aikin Turawa ne da marasa abin yi. Mu dai mun san kakannin da suka kafa Birik da ƙafa suka zo daga Kano da Yola da Tibati, da kaya a ka. Jikokinsu ne yau ke fama da hawan jini da ciwon suga saboda zaman shago daga safe zuwa Magariba, ga shayi mai kauri ga tsire da dare. Sai dai wanda ya san yana da ciwon zuciya ko hawan jini ya ji ta bakin likitansa tukuna, kuma ba dole sai an kai ƙololuwa ba. Mata ma kada a bar su a madafa suna jiran a dawo. Da hijabinsu da takalmin roba mai kama ƙafa, da yawa sun fi mazan juriya.

Akwai abubuwan da baƙo zai kiyaye. Na farko shi ne ruwan sama. Yawunde na da damina biyu, ƙarama daga tsakiyar Maris zuwa Yuni, babba daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma jar ƙasar nan idan ta jiƙa santsinta kamar sabulu. Ba wasa ba ne: a ranar 8 ga Oktoba 2023, bayan ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta zaftare a unguwar Mbankolo da ke maƙwabtaka da Fébé, mutum kusan 30 suka rasu. Allah ya kiyaye na gaba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sai kuma Yuli da Agusta da ruwa ke ɗan tsagaitawa. Na biyu, daga saman dutsen ana hango fadar shugaban ƙasa ta Etoudi; a kalla da ido, kada a ɗaga waya a ɗauki hotonta ko na wurin sojoji, don jandarmomi ba sa ɗaukar wannan da sauƙi. A riƙe takardun shaida a aljihu ko da yawo aka fita. Sannan a can sama akwai gidan ibadar Kiristoci 'yan ɗariƙar Benedikti, mai ɗan gidan adana kayan tarihin Kamaru. A wuce da ladabi kamar yadda muke son a wuce ta ƙofar masallacinmu. Idan kuma aka bi hanyar ƙauye wani ya miƙo farin ruwa a kofi ya ce matango, bammi ne, sai a yi godiya a wuce.

Iyalin da ke da ƙananan yara ko tsofaffi suna da gidan namun daji na Mvog-Betsi a cikin gari, ko lambun Bois Sainte-Anastasie da ke Warda, wanda daga Birik da ƙafa ma ana zuwa. Masu mota da yini guda a hannu sai su nufi dajin Mefou a kudu da birnin, inda ake renon gwaggon biri da aka ƙwato daga hannun mafarauta, a bi su da jagora ta hanyar ƙafa a cikin kurmi. Ɗan Sahel da bai taɓa ganin itacen da mutum biyar ba za su zagaye shi da hannu ba, a nan zai gani. Samari masu jini a jika su kan tafi dutsen Eloundem, amma wannan sai da ɗan gari kuma a cikin ayari, ba a shiga shi mutum ɗaya.

Kuɗin duk wannan bai taka kara ya karya ba, na tasi ne da ruwan sha, sai na shiga a wuraren da ake biya. Baƙon da ya fito daga Maraɗi ko Ƙonni dai ya tuna sefar aljihunsa ta Afirka ta Yamma ce, ta Kamaru kuwa ta bankin BEAC ce mai hedkwata a nan Yawunde; darajarsu ɗaya amma mai tasi ba zai karɓa ba, sai a canja tun a Birik. Wanda zai koma ta jirgin dare kuma ya sa hawan ya kasance kwana biyu kafin tafiya, domin ciwon cinya sai washegari yake sallama.