Tsarin adireshi da hanyoyin intanet a Kano

Tsarin adireshi da hanyoyin intanet shi ne yadda kamfanin sadarwa yake bai wa kowace na'ura lamba, da yadda yake zaɓar hanyar da saƙo zai bi har ya isa inda aka aika shi. Ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi da na'urar POS a Bata, tsakanin Fagge da Sabon Gari, cinikinsa ya rataya ne a kan wannan tsari, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Adireshi

Lambar da ake bai wa na'ura ana kiranta adireshin IP. Kamfanonin Najeriya suna karɓar nasu kason daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshi a Afirka, wadda ke da mazauni a ƙasar Mauritius. Tsohon tsarin, wato IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare a watan Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanonin waya kan haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi guda, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa amma ƙofar zaure ɗaya. Sabon tsarin IPv6 ya magance ƙarancin, sai dai komawa kansa na tafiyar hawainiya.

Hanya

Kowane kamfani yana da lambar shaida da ake kira ASN. Ta MTN Najeriya ita ce 29465, ta Airtel kuma 36873. Ta wata ƙa'ida mai suna BGP kamfani yake sanar da maƙwabtansa adireshin da ke hannunsa, su kuma su isar da sanarwar gaba.

Wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan yarda, kuma nan rauninta yake. A ranar 12 ga Nuwamban 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa saƙonnin da aka nufi Google da su suka karkata ta Rasha da Sin, har fiye da awa ɗaya.

Daga Kano zuwa teku

Yawancin wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Najeriya da ƙasashen waje, irin su SAT-3, MainOne, Glo-1 da Equiano, a Legas suka sauka, kimanin kilomita 1,000 daga Kano. Saƙon da ya tashi daga Bata zuwa ƙetare sai ya bi wayar faiba ta ƙasa zuwa kudu, wadda aikin hanya kan tsinka ta. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu sun lalace a tekun Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta samu cikas a faɗin ƙasar.

Idan kamfanoni biyu ba su da mahaɗa a kusa, saƙon da aka aika daga Sabon Gari zuwa Fagge kan iya zagayawa ta Legas, a da ma har ta Turai, kafin ya dawo. Domin rage wannan zagaye aka kafa IXPN a shekarar 2006 da tallafin hukumar NCC, inda kamfanoni ke musayar saƙonni kai tsaye. Cibiyar ta fara ne a Legas, daga baya ta buɗe rassa a Abuja, Fatakwal, Enugu da Kano. Amfanin reshen Kano ya danganta da yawan kamfanonin da suka jona wayarsu a cikinsa.