Na'urar ban ruwa mai tafiya da kanta: ko za ta dace da Takieta?

A Amurka, masu shuka ciyawar ƙawa a ƙofar gida suna amfani da wata 'yar na'ura mai siffar tarakta, wadda ba ta shan mai ko lantarki. Ana shimfiɗa tiyo a ƙasa, a ɗora tayar gaba a kansa. Da an buɗe famfo, ƙarfin ruwa zai juya hannuwanta biyu suna feshi, juyawar kuma ta tura tayoyin baya, na'urar ta bi tiyon sannu a hankali har inda aka kafa mata abin tsayawa.

A Takieta, kan hanyar Zinder zuwa Maradi, lissafin daban ne. Ruwan rijiya na albasa, tumatir da salati ne, kuma yakan ja baya kafin damina. Tayoyin na iya nutsewa cikin rairayi ko su tattake fangali. Iskar hunturu tana kwashe feshin, zafin bazara ya busar da saura. Ga mai lambu a nan, tiyo mai ɗigo a gindin shuka ya fi tattalin ruwa, musamman da sassafe ko da yamma.