Bakin Mawaƙi da Hannun Hukuma

Duk wanda ya zauna a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san matsayin makaɗi a wurin talaka. A ƙauye kamar Tungar Guru, manomin da bai iya karanta jarida ba ya iya haddace waƙa. Abin da ya dame shi, wanda ba zai iya faɗa a gaban hakimi ba, sau da yawa a bakin mawaƙi yake jinsa. Saboda haka hana waƙa ba ƙaramin al'amari ba ne.

Wannan gardama kuwa tsohuwa ce. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kotunan alkalai na En'e suka riƙa ɗaure mutanenta a kan yin taro ba da izini ba, ko cin mutuncin sarakuna. Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan haka. An rushe En'e, amma halin bai tafi tare da ita ba.

A 2001 Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai, wadda ikonta ya haɗa har da waƙoƙi. A 2007 aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata 3 saboda faifansa mai suna Bahaushiya. A 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi 11, a cikinsu har da Hasbunallahu ta Aminu Ala, shi ma aka kama shi. A 2019 aka kama Naziru Ahmad, wai ya fitar da waƙoƙi ba tare da an tace su ba, a daidai lokacin da ake takun saƙa tsakanin Gwamna da Sarkin Kano.

Mu ma a Zamfara mun ga irinsa. A watan Oktoba na 2022 Gwamnatin Jiha ta ba da umurni a rufe waɗansu gidajen rediyo da talabijin, har da NTA ta Gusau, domin sun ɗauki taron 'yan adawa. Hukumar NBC ta ce jiha ba ta da wannan iko, Gwamnati ta janye, ta ba da haƙuri.

To, ba wanda ya ce a bar batsa da zagin iyaye su yi yawo a kunnen yara. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 39, ya ba kowa ikon faɗin ra'ayinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a yi masa iyaka domin kiyaye zaman lafiya da tarbiyya. Abin dubawa shi ne wanda sandar ke faɗa wa. In mai yabon masu mulki yana wucewa lafiya, mai suka shi kaɗai ake nema da takardar izini, to, lalle ba tarbiyya ake tsarewa ba, kujera ake tsarewa.

Har wa yau, hanin ba ya biyan bukata. Waƙar da aka haramta a birni, kafin kasuwa ta sake ci ta shiga wayoyin samari a ƙauye, wanda bai damu da ita ba ma sai ya nema. Tafin hannu ba ya rufe rana.

Malaman makaranta da ma'aikata, aikin yana wuyanmu. Mu koya wa yara rarrabe zambo da gaskiya mai ɗaci, mu kuma gaya wa shugabanninmu cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shugaban da ya rufe bakin mawaƙi, kunnen kansa ya toshe. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kira.