Daga Dirin Daji Zuwa Kujerar Likitan Haƙori

A ƙasar Sakaba ta jihar Kebbi, kamar sauran karkararmu, ciwon haƙori yakan bi ta hannuwa da yawa kafin ya kai ga likita. Da fari a danna kanumfari a kogon, a kurkure baki da ruwan gishiri. In ya hana barci a nufi kyamis a sayo ƙwayar rage zogi da kafso ja-da-baƙi. In kunci ya tashi a ce tsutsa ce ke ci, a jira ranar kasuwa mai magani ya fitar da ita, ko wanzami ya zo da awartaki. Sai baki ya ƙi buɗuwa, tuwo ya gagara, sannan a shiga neman kuɗin mota zuwa Zuru, ko Kwantagora, ko a miƙa har Birnin Kebbi.

Babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin dattin da ke manne masa, suna cin sukarin da muka sha su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zaizaye farin ɓawon haƙorin a hankali. Muddin ɓarnar tana kan ɓawo, mutum ba ya jin komai. Da ta nutsa sai ruwan sanyi da shayi su fara tsira masa. Ranar da ta kai ga jijiyar da ke tsakiya, ranar ce ake kwana a zaune. Daga nan jijiyar takan mutu, zogi ya lafa, mai ciwo ya yaba wa maganin da ya sha ƙarshe, alhali mugunya ce ke taruwa a gindin saiwa. Kafso ba ya isa cikin mataccen haƙori, domin jini ya daina shiga wurin. In mugunyar ta gangara ƙarƙashin harshe tana iya toshe maƙogwaro, kuma ana mutuwa da haka.

Yaron da ya tashi a Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba, yana ganin wannan, in ya ce shi likitan haƙori zai zama, tafiya ce miƙaƙƙiya a gabansa. Zai ci jarrabawar gama sakandare da ta JAMB a darussan kimiyya da Turanci. Sai shekara 6 a jami'a, rabin farko kusan tare da masu karatun likitanci yake yi, har da fiɗar gawa, kafin a ware shi ya koma kan baki da muƙamuƙi. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a babban asibiti, sai bautar ƙasa. Hukumar kula da likitoci ta MDCN ce ke yi masa rajista, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisi. In yana son ya ƙware a tiyatar fuska da muƙamuƙi, irin wadda ake yi wa wanda babur ya kayar, wasu shekaru 5 zuwa 6 ne kuma a asibitin koyarwa.

Karatun kansa ya daɗe bai hauro Arewa ba. A Jami'ar Legas aka fara shi a 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya, sai bayan shekaru masu yawa Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano suka buɗe nasu. Har yau likitocin haƙorin Najeriya 'yan dubbai ne, ga mutum sama da miliyan 200, kuma akasarinsu suna Legas da Abuja da manyan birane, ban da waɗanda suka tsallaka Ingila da Saudiyya. Ban ga laifinsu sosai ba. An koya musu sana'a ce a kan kujera, ita kuwa kujerar 'yar birni ce.

Kujerar likitan haƙori ba wurin zama kawai ba ce. Tana da fitila, da bututun tsotse miyau, da ɗan injin rarake haƙori da iska ke juyawa sau dubu ɗaruruwa a minti ɗaya. Iskar daga kwamfaresa take zuwa, kwamfaresa kuma wuta yake sha. Ga tukunyar turara kayan aiki, wadda sai zafinta ya kai digiri 121 ake amincewa ta kashe ƙwayoyin ciwon hanta da na ƙanjamau. Wannan ce babbar tazarar da ke tsakanin likita da awartakin kasuwa. Ga na'urar hoton haƙori. Kusan komai daga waje ake shigo da shi, har allurar kashe zafi da garin ciko, don haka duk tashin dala sai ya shigo ɗakin. In abu ya lalace, mai gyara yana Kano ko Kaduna. Sannan a yi rajistar asibitin da ma'aikatar lafiya ta jiha, a biya haya, a biya mataimaki, a sayi man janareta ko a kafa sola.

To wa zai biya? Asibitin haƙori na birni da wankin haƙori da ciko da haƙorin roba da waya mai daidaita haƙora yake rayuwa, ayyukan da ma'aikaci mai albashi ko inshora ke dawowa yi. Manomin Sakaba kuɗinsa na kaka ne, in an sayar da dawa da masara da wake. Ba ya zuwa sai haƙori ya gama lalacewa, kuma buƙatarsa ɗaya ce: a cire. Cirewa ita ce mafi arhar aiki, kuma wanda aka cire wa ba ya dawowa sai wani ya ruɓe. A ɗora matsalar tsaro a kai. Ba a manta watan Maris na 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kashe 'yan sa-kai sama da 60 a wannan yanki. Wanda zai ci bashi ya girke kayan miliyoyi a inda mutane ke kwana da shirin gudu, dole ya yi tunani sau biyu.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauko fasalin asibitin Abuja a ce shi za a dasa a Dirin Daji. Akwai wata hanya, kuma a Afirka aka ƙago ta. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya inda babu wuta, ya gwada kankare ruɓar haƙori da ƙananan ƙarafa na hannu, ya cike ramin da siminti. Daga baya aka koma amfani da wani irin siminti mai kama haƙori da kansa yana kuma sakin sinadarin fuloraid. Ba inji, ba ƙara, sau da yawa ko allura ba a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi dabarar a 1994, kuma a 2021 ta sa wannan siminti, da man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan azurfa da ake ɗiga wa ruɓa ta tsaya, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ruwan azurfar yana baƙanta wurin da ya ci, gaskiya ne, amma a turmin haƙorin yaro wa zai gani? Duk kayan nan jaka ɗaya ta ishe su, jakar kuma tana hawa babur. Ba ta maye gurbin kujera. Haƙorin da jijiyarsa ta mutu ya fi ƙarfinta. Amfaninta shi ne ta riski haƙorin kafin ya kai can.

Kuma ba lallai sai mai digirin shekara 6 ne zai rataya ta ba. Akwai jami'an kula da haƙori da ake horarwa a kwalejojin kimiyyar lafiya, masu hukumar rajistarsu daban, waɗanda aikinsu ne wanke haƙora, da duba baki, da koyar da tsabtarsa. Iyaye kan raina wannan layi don ba a kiran mai shi "dokta". Amma likita ɗaya a Zuru da irin waɗannan jami'ai huɗu ko biyar suna bin kasuwanni da makarantu suna turo masa abin da ya fi ƙarfinsu, ya fi kujera uku a ɗaki ɗaya amfani.

Abin da ya fi sa ni nacewa a kan wannan ba ruɓar haƙori ba ce ma. Cutar noma ce. Sunan ba shi da alaƙa da gona, daga Girkanci ya fito, ma'anarsa cinyewa. Mutanenmu kuwa sukan ce ciwon iska. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, galibi bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da kumburin dasashi take farawa, da jini, da warin baki. Cikin 'yan kwanaki sai kunci ya yi baƙi ya ɓule, ta ci leɓe da hanci har ƙashi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne yara 9 cikin 10 suna mutuwa in ba a yi magani ba. Waɗanda suka rayu su ne ake ɓoyewa a cikin gida, wasu muƙamuƙinsu ya cije ba ya buɗuwa. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan cuta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma Kebbi na cikin jihohin da ake kawo yara daga cikinsu. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa noma cikin cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi, aka kuma amince a Disamban 2023.

Gyaran fuskar da noma ta ci tiyata ce a kan tiyata, wata da watanni. A matakin dasashi kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Abin da ake buƙata kawai a gane ta a makon farko, a ranar awo ko ta rigakafi, lokacin da uwa ta riga ta zo da yaron a goye. Ma'aikaciyar da aka koya wa abin da za ta nema ta sa safar hannu, ta kunna tocila, ta ɗaga leɓen yaron ta duba. Aikin bai kai minti ɗaya ba.