Sanyaya Inji Mai Majuyi a Jirgin Sama Ƙirar Gida: Bayani Bisa Yanayin Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake sanyaya inji mai majuyi idan aka ɗora shi a kan ƙaramin jirgin sama ƙirar gida, wato wanda mutum ya harhaɗa da hannunsa. An ɗauki garin Sakwa na ƙaramar hukumar Zaki, cikin masarautar Katagum ta Jihar Bauchi, a matsayin ma'auni, domin a nuna cewa tsarin sanyayawar da ya wadatar a Turai ko Amurka ba lalle ne ya wadatar a ƙasa mai zafin bazara irin wannan ba.

Batun ƙera jirgi da hannu ba baƙo ba ne a Arewacin Nijeriya. A shekarar 2007 wani ɗalibin kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic mai ƙarfin doki 133, har ya ɗaga daga ƙasa da kimanin mita 2. Kafin wannan, a shekarar 1989, an fara tayar da jirgin Air Beetle a Kaduna, wanda aka yi don horar da matuƙan Rundunar Sojan Sama. Asalinsa samfurin RV-6A ne, wanda kamfanin Van's Aircraft na Amurka ya riƙa sayarwa gunduwa-gunduwa ga masu ƙirar gida a wancan lokaci. Duk wanda ya bi wannan sahu da injin mota, tambayar da za ta fara tsare shi ita ce inda zafin injin zai tafi.

2.0 Inji Mai Majuyi

Akwai injuna iri biyu da Turawa suke kira da suna ɗaya, don haka ya kamata a rarrabe su. Na farko shi ne irin na kamfanin Gnome na Faransa, wanda ya yi tashe a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A cikinsa silindojin ne gaba ɗaya suke juyawa tare da farfela, juyawar kuma ita take sanyaya su. Na biyu, wanda shi ne abin nufi a nan, shi ne wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙago, aka fara tayar da shi a kamfanin NSU a shekarar 1957. Kamfanin Mazda na Japan ya sa shi a mota a 1967, kuma samfurinsa mai suna 13B, na motocin RX-7, shi ne masu ƙirar gida suka fi ɗauka.

Wannan inji ba shi da fistan mai hawa da sauka. A maimakonsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, wanda a nan aka kira majuyi, yana kewayawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Kowace fuska ta majuyin takan zuƙi mai da iska, ta matse, fulogi ya kunna, sannan ta fitar da hayaƙi. Samfurin 13B yana da majuyi biyu. Abin da ya sa ake sha'awarsa a jirgi shi ne ƙanƙanta, da ƙarancin jijjiga, da rashin bawul da sauran tarkacen da kan karye. A jirgi yakan yi juyi wajen 6,000 a minti ɗaya, sai a sa giya ta rage wa farfela gudun.

3.0 Mafarin Zafi

A kowane injin fetur, abin da yake zama aiki daga ƙarfin man da aka ƙona bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ya shige jikin ƙarfe. Inji mai majuyi yana da halaye uku da suke tsananta lamarin.

Na farko, a inji mai fistan wuri ɗaya ne yake karɓar sanyin sabon mai da kuma wutar ƙuna, bi da bi. A inji mai majuyi kuwa, ɓangaren fulogi kullum cikin wuta yake, ɓangaren zuƙar iska kullum da sanyi. Na biyu, gidan majuyi na alminiyon ne, an matse shi tsakanin faifan baƙin ƙarfe, da zoben roba mai tare ruwa a tsakani. Alminiyon ya fi baƙin ƙarfe buɗewa idan ya ji wuta, saboda haka zafi mai yawa, ko da sau ɗaya ne, yana iya karkatar da gidan, zoben ya saki, ruwa ya shiga inda mai yake ƙuna. Na uku, ruwa ba ya isa cikin majuyin kansa, tun da a rufe yake yana juyawa. Baƙin mai ne ake fesa masa ta ciki. Bisa ga wannan, kimanin kashi ɗaya cikin uku na zafin da ake cirewa baƙin mai ne yake ɗauke shi, ruwa ya ɗauki sauran. Ke nan tilas a tanadi lagireto biyu, na ruwa da na mai. Hayaƙinsa ma yakan kai digiri 900 a ma'aunin salshiyos, ya fi na inji mai fistan, don haka ake nisanta salansa da tiyo da wayoyi.

4.0 Daga Injin Niƙa Zuwa Jirgin Sama

Wanda ya san injin niƙa na dizal a kasuwannin ƙasar Katagum ya riga ya ga tushen al'amarin. Akan ajiye ganga cike da ruwa a gefen injin, da tiyo biyu. Ruwan da ya yi zafi ya hau ta tiyon sama, mai sanyi ya komo ta na ƙasa, ba tare da famfo ba. Idan ya ragu, yaron shago ya ƙara. Babur kuwa ba ya shan ruwa, tsage-tsagen jikin silindarsa ne suke miƙa zafi ga iska. Irin wannan sanyayawa ta iska ita ce a injin Lycoming na jirgin Air Beetle.

Jirgi mai injin 13B ba zai bi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ganga mai lita 200 nauyin ruwanta kaɗai kilo 200 ne, ya fi na injin kansa. Dole ruwa kaɗan ya riƙa kewayawa da famfo, yana sauke zafinsa a lagireto. Haka kuma aikin jirgi ya bambanta da na mota. Motar da ta taso daga Azare zuwa Katagum ɗan kaɗan take amfani da shi daga ƙarfin injinta, sai fa wajen wuce wata. Jirgi kuwa da dukkan ƙarfinsa yake tashi, kuma yakan daɗe a kan kashi 65 zuwa 75 cikin 100. Lagireton da ya ishi injin a mota ba hujja ba ne cewa zai ishe shi a sama.

5.0 Hanyar Iska

Girman lagireto kaɗai ba ya magani, sai iska ta ratsa shi. Iska kuwa, kamar ruwa, inda ya fi sauƙi take bi, idan ta sami kafa a gefe ba za ta shiga tsakanin ƙananan bututu ba. Saboda haka akan yi mata zirin hanya mai ƙaramin baki, wanda yake buɗewa sannu a hankali har ya kai faɗin lagireto. Buɗewar tana rage gudun iskar, tana ƙara matsinta, matsin kuma shi yake tura ta ciki. Bayan ta ratsa, mafitarta ma sai an tsara ta a inda matsin iska yake da rauni, in ba haka ba ta taru ta tare mai shigowa. Wani injiniyan Ingila, F. W. Meredith, ya nuna a 1935 cewa idan aka tsuke mafitar yadda ya dace, iskar da ta ɗumama takan fita da ƙarfin da zai rama wani abu na jan bayan da lagireto yake jawowa. An yi amfani da wannan a jirgin yaƙi na P-51 Mustang.

Lokaci mafi hatsari shi ne na jira a ƙasa da na hawa, domin a hawa injin yana iyakar ƙoƙarinsa alhali gudun jirgi bai yi yawa ba. Matsin iska yana bin ninkin gudu ne a kansa: idan gudu ya ragu da rabi, matsi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Jirgi mai saukar ungulu da yake tsaye cak a sama ba ya samun wannan iska ko kaɗan, dole a sa masa fanka.

6.0 Lissafin Bazara a Sakwa

Yawan zafin da lagireto yake zubarwa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da na iskar waje. Ma'aunin da masana harkar jirage suka amince da shi a duniya ya ɗauki iskar bakin teku a kan digiri 15. A ƙasar Katagum kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40. Alal misali, idan ruwan inji yana digiri 90, tazararsa da iska mai digiri 15 ita ce 75. Idan iskar ta kai 42, tazarar ta koma 48. Wato lagireton ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa tun jirgi bai motsa ba, kuma kafin ya rama sai an ƙara masa fiye da rabin girmansa, ko a ƙara iskar da ke ratsa shi. Sauƙin da ake samu shi ne iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa, amma sai an tsallake mintocin farko kafin a kai can.

Akwai wasu abubuwa uku na wannan yanki. Ƙurar hunturu takan liƙe a jikin lagireto, musamman inda mai ya ɗan tsatsa, ta toshe kafofinsa. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan bar ɓawon gishiri a cikin bututu, don haka ruwan da aka tace ta hanyar tururi ya fi dacewa, tare da maganin tsatsa. Sannan ruwan hana daskarewa da ake haɗawa rabi da rabi a Turai bai kai tsurar ruwa ɗaukar zafi ba, ga shi ba a ƙanƙara a Sakwa, sai a rage shi. Abin da yake hana tafasa shi ne murfi mai riƙe matsi: ruwa yana tafasa a digiri 100 a buɗe, amma idan aka ninka matsin sai ya kai wajen 120. Ana kuma ɗora ƙaramin tanki a wuri mafi tsawo domin kumfar iska ta taru can, kada ta maƙale a ɓangaren fulogi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa inji mai majuyi yana da hanyoyin zafi biyu, ruwa da baƙin mai, kuma ba ya yafe sakaci a ɗayansu. An kuma ga cewa tsarin da aka auna a iska mai digiri 15 yana buƙatar sabon lissafi a inda ake kai 42. Direban da motarsa ta tafasa a hanyar Azare yana iya rakuɓewa gefen titi ya jira ta huce, matuƙin jirgi ba shi da wannan gata. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuwa a nan shi ne a ɗaure jirgin a ƙasa da tsakar ranar Afrilu, a sa ma'aunin zafi a ruwa da mai, a buɗe wuta ana rubuta abin da suka nuna. Bayan haka akwai neman izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, da neman shawarar masana irin na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, kamar majuyi da gidan majuyi, shawara ce ga masu tsara kalmomin fannu, domin makaniken da zai ɗaure tiyon ya fahimci dalilin ɗaure shi da harshen da yake aiki da shi.