Mai Jitar Bes: Hannu Nasa, Kaya Na Wani

Duk wanda ya taɓa shiga wurin da makaɗan zamani suke wasa, ko a gidan rawa ne a Ikko, ko a filin biki a Inugu, ko a hotal a Jos, ya san akwai wani sauti wanda ƙirji yake riga kunne jinsa. Shi ne ke girgiza gilashin taga tun daga nesa, kafin mutum ya rarrabe muryar mawaƙi. Wannan sauti na jitar bes ne, watau jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri. Mai kaɗa ta yakan tsaya can baya kusa da mai ganga. Ba a cika yi masa liƙi ba, ba a kuwa kiran sunansa a rediyo, amma ranar da bai zo ba masu rawa ne za su fara ganewa, domin ƙafa ba za ta sami wurin sauka ba.

Abin mamaki shi ne, in makaɗan bes suka haɗu bayan an tashi daga wasa, ba su cika zancen waƙa ba. Hirarsu duk ta kaya ce: wace jita ce ta fi, wace amfilifaya ce ke jure zafi, wa ya sayi tasa, nawa ya saya, a hannun wa. Baƙo yana iya zaton 'yan kasuwa ne. Amma wanda ya san sana'ar ya san dalili. A ƙasar nan, tun da aka fara kiɗan lantarki, mai kaya shi ke da kiɗa, kuma babu makaɗin da wannan al'amari ya ɗaure kamar mai bes, domin kayansa sun fi na kowa nauyi da tsada.

Kafin mu shiga wannan, ya kamata mai karatu ya san asalin abin. A da, kaurin sauti a kiɗan Turawa yana fitowa ne daga wani ƙaton goge wanda ya kai tsayin mutum, ana jingina shi a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa. Ɗaukarsa wahala, kuma in kakaki da ganguna suka tashi sai su binne muryarsa. A shekarar 1951 wani mai gyaran rediyo a Fullerton ta Jihar Kalifoniya a Amurka, mai suna Leo Fender, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fito da wata bes da ake ratayawa a kafaɗa, ya sa mata suna Precision Bass. Ba shi ne farkon wanda ya gwada ba, amma tasa ce ta karɓu. A 1960 ya ƙara da wata mai siririn wuya, Jazz Bass. Har yau galibin jitocin bes da ke kasuwa jikokin waɗannan biyu ne.

To, ita wannan jita katako ce tsagwaronta, ba ta da cikin da zai amsa sauti kamar ƙwaryar garaya ko gurmi. In ba a haɗa ta da wuta ba, wanda ke bakin ƙofa ma ba zai ji ta ba. Akwai maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyin, shi ke mai da karkarwarsu ta zama 'yar ƙaramar wutar lantarki, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. Ashe rabin kayan kiɗan ne ke hannun makaɗi, ɗaya rabin yana cikin akwatin da ke bayansa.

Nan ne wahalar take. Tsirkiyar da ta fi kauri tana karkarwa sau 41 kacal a daƙiƙa ɗaya, kuma tsawon igiyar sautinta a cikin iska ya wuce mita 8. Kafin lasifika ta fitar da irin wannan sauti sai ta tura iska mai yawa gaba da baya, wannan kuwa yana cin wuta ainun. Shi ya sa mai ƙaramar jita zai cika zaure da amfilifaya mai wat 50, mai bes kuwa sai ya nemi mai wat 300 kafin a san yana wurin. Akwai kuma wani lissafi da ke cutar sababbin masu saye. Wanda ya bar mai wat 100 ya sayi mai wat 200 yana tsammanin ƙarar za ta ninka, sai ya ga ɗan kaɗan ta ƙaru, domin kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu sai an ninka ƙarfin wuta kamar sau goma. Kamfanin Ampeg ya yi suna ne a kan wannan matsala. A 1969 ya fito da wata amfilifaya mai suna SVT, mai wat 300, mai aiki da kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo, kuma makaɗan Rolling Stones suka zaga Amurka da ita a shekarar. Kanta kaɗai ya fi kilo 35, akwatin lasifikarta mai baki takwas kuwa ya fi kilo 60, har makaɗa suka laƙaba masa suna firji. Saurayin da ke kwana a ɗaki guda a Mushin ina zai kai wannan, ko da kyauta aka ba shi?

Saboda haka tun zamanin hailaif aka saba da wani tsari. Mai hotal shi ke sayen kaya, ya tara makaɗa su riƙa jawo masa masu shan lemo da barasa. In ba mai hotal ba, to kamfanin faifai ne, irin su Decca da EMI da Philips, su ba shugaban ƙungiya kaya bashi, a riƙa cirewa daga kuɗin faifansa. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, a garuruwan gabas kamar Aba da Fatakwal da Inugu, wasu hafsoshin soja ne suka zama iyayen gidan samarin da ke kiɗan rok, domin su ne masu kuɗin sayen kaya a lokacin. Shugabannin makaɗa masu hangen nesa sun gane inda dukiyar take. Marigayi Victor Olaiya, ban da busa kakaki, ya gina Stadium Hotel a Surulere, ya kuma shiga cinikin shigo da kayan kiɗa. Shi kuwa yaron da ke riƙe da bes, ranar da ya yi musu da maigida a kan kuɗin wasa, sai ya ajiye jita a inda ya ɗauke ta, ya fita hannu rabbana. Malam Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kada mai karatu ya zaci rashin gwaninta ne ya jawo haka. A ƙarshen 1970 James Brown ya zo Nijeriya, tare da mai kaɗa masa bes, Bootsy Collins, yaro ɗan shekara 19 wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen duniya. Sun je wurin da Fela yake wasa a Ikko, kuma Bootsy ya daɗe yana ba da labarin yadda kiɗan ya ruɗa shi. A kiɗan Fela, bes takan riƙe ɗan gajeren zubi ɗaya ne ta yi ta maimaita shi har minti goma sha biyar ko fiye, ba ƙari ba ragi, a kansa ake ɗora kakaki da amshi da komai. Wanda yake ganin wannan abu ne mai sauƙi ya gwada tafa hannu na minti biyar ba tare da ya yi sauri ko ya yi jinkiri ba. Maurice Ekpo ya riƙe wannan aiki a farkon shekarun 1970, Nweke Atifoh kuma shi ne a faifan Zombie. Mutum nawa ne suka san waɗannan sunaye cikin miliyoyin da suka yi rawa da kiɗansu? Haka nan Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a 1976 ta game Afirka, da wuya ka sami wanda zai faɗa maka wa ya kaɗa bes a cikinta.

Ran 18 ga Fabrairu 1977 sojoji suka ƙone gidan Fela na Kalakuta, kayan kiɗa da ɗakin ɗaukar faifai suka tafi a wutar. A 1978, bayan wasan da suka yi a Balin ta Jamus, yawancin makaɗansa suka watse a kan maganar kuɗi, har da mai ganga Tony Allen. Tony Allen ya riga ya yi suna, ya ci gaba da harkarsa har ya rasu a Faris a 2020. Da yawa cikin sauran ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Waɗanda suka tsira da suna galibi waɗanda suke da hannu a mallakar ƙungiya ne, kamar Mike Odumosu na ƙungiyar BLO, wanda harafin ƙarshe na sunan ƙungiyar nasa ne, ya kuma je ya kaɗa wa Osibisa a Landan. Maƙwabtanmu na Kamaru, waɗanda Allah ya hore wa gwanayen bes irin su Richard Bona da Etienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco, su ma sai da suka ƙetare teku kafin aka riƙa rubuta sunansu da manyan baƙaƙe. Shi Bona da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A 1986 aka fara karya ta a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, a watan Yuni na 2023 aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, a 2024 dala ɗaya ta wuce naira 1,500. Kusan kome na wannan sana'a daga waje yake zuwa, tun daga jitar har tsirkiyar. Shi ya sa za ka tarar da mai bes ya kwance tsofaffin tsirkiyoyinsa ya dafa su a tukunya don datti da maiƙon hannu su fita, su ɗan farfaɗo na 'yan makonni.

A kasuwar Alaba da ke Ojo, inda yawancin kayan nan ke sauka, gardamar da ba ta ƙarewa ita ce tsakanin sabuwa da ta hannu. Wasu sun ce gara sabuwar Yamaha ko Ibanez ko Squier, ƙirar Indunusiya ko Sin, mai matsakaicin kuɗi. Wasu sun ce a'a, tokumbo ta Amurka ta fi ƙarko ko da ta sha jiki. Kowa da gaskiyarsa, amma tokumbo tana da tarkuna. Na farko, sunan Fender a kan jita ba shaida ba ce, domin manna suna ba shi da wuya. Na biyu ya fi muni. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma amfilifayar da aka yi don can, in aka soka ta a bango a nan ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi kawai za a gani. Ko wadda ta dace da wutarmu ma tana cikin hatsari a hannun ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Ita kuma jitar, katako ce, tana jin yanayi. Wadda aka daidaita wuyanta a damshin Ikko, in ta sha hunturun Kano sai wuyan ya motsa, tsirkiya ta riƙa gugar ƙarafan da ke kansa tana zuza. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan wadda ake juyawa a miƙe shi, kuma wanda zai sayi ta hannu lalle ya tabbata wannan sanda tana juyawa, in ba haka ba itacen wuta ya saya.

Akwai kuma gardamar tsirkiya huɗu da biyar. Ta biyar ɗin tana sauka ƙasa har karkarwa 31 a daƙiƙa, kuma samarin da ke kiɗa a majami'u, inda a kudu nan ne mafi yawan masu bes suke koyo suke kuma samun aiki, sun fi son ta. Tsofaffin hannu sukan yi dariya su ce James Jamerson na Motown da tsirkiya huɗu ya yi duk abin da ya yi, da yatsa ɗaya ma yake kaɗawa, haka Aston Barrett mai kaɗa wa Bob Marley. A ganina wannan gardama ɓata lokaci ce ga wanda ba shi da lasifikar da za ta iya fitar da sautin tsirkiyar ta biyar. Na ga samari da yawa sun zuba duk abin da suka tara a kan jita mai ƙyalli, sa'an nan suka je suna roƙon aron amfilifaya. Da sun sayi jita mai rabin kuɗin, suka sa sauran a akwati, da sun fi samun 'yanci da daɗin sauti gaba ɗaya.

A arewa labarin ya bi wata hanya dabam. Marigayi Bala Miller, mai Ikon Allah, ya tara samari a Kaduna ya koya musu kayan kiɗan zamani, suka riƙa wasa a Costain Club. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyano ɗaya ta Yamaha ta haɗiye aikin mai ganga da mai kakaki da mai bes duka, domin ciyar da mutum ɗaya ya fi ciyar da takwas sauƙi. Wanda yake son jin bes ta gaske a ƙarƙashin waƙar Hausa, zai fi saurin samu a Yamai, wurin ƙungiyoyi irin su Tal National.

Duk da haka akwai abin da ya canza, kuma shi ne ya fi cin hirar masu bes a yanzu. An sami sabuwar ƙirar amfilifaya wadda ba ta bukatar ƙaton taransifoma a cikinta, mai wat 500 tana iya zama kilo biyu ko uku, ta shiga jakar goyo. A manyan wuraren wasa kuma, kamar New Afrika Shrine da aka buɗe a Ikeja a shekarar 2000, akwai lasifikokin zaure, mai bes yana iya tura sautinsa cikinsu ta wani ɗan akwati wanda bai fi tafin hannu ba. Masu son kwalaben gilashi suna cewa sautin sababbin nan ba shi da ɗumi, wataƙila da gaskiyarsu, amma ba su ne za su ɗauki firji su hau danfo ba. An kuma fara ganin mai bes a gaban dandamali. Kingsley Okorie, lauya ne, shi da ƙanensa mai ganga suka kafa The Cavemen, suka fito da faifan Roots a 2020, suka jawo samari zuwa ga hailaif. Made Kuti, jikan Fela, ya riƙe bes a ƙungiyar mahaifinsa Femi kafin ya fito da nasa faifan a 2021, wanda shi ya kaɗa kayan cikinsa duka. Ɗayansu lauya, ɗayan ɗan gidan kiɗa. Yaron da ya koyi bes a majami'ar unguwarsu a Ajegunle kuwa, har yanzu ran Lahadi da yamma yakan goge jita ya mai da ita ɗakin ajiya, a ba shi kuɗin mota, sai kuma ran Alhamis in an buɗe don gwaji.