Buzu, bargo da dakuwa: guzurin matafiyin ƙasa a Rano da Kibiya

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa a kudancin jihar Kano, sai a riƙa cin karo da matafiya a ƙasa a hanyoyin da suka ratsa ƙananan hukumomin Rano da Kibiya. Cikinsu akwai makiyaya masu gangarawa kudu neman ciyawa, da almajirai masu cirani, da kuma 'yan ƙwadago masu nufar gonakin rani da ake shayarwa da ruwan madatsar Tiga a yankunan Bunkure da Kura.

Da yawansu kan kwana ne inda dare ya riske su, ko a rumfar kasuwa, ko a zauren mai unguwa, ko a gindin bishiya, kuma shimfiɗarsu da abincinsu duk a ka ko a kafaɗa suke ɗauke da su.

Batun guzuri dai ya ƙara nauyi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lamarin da ya sa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. A tsakiyar shekarar 2024 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ga mai ƙaramin ƙarfi, sayen abinci a tasha safe da yamma ka iya cinye abin da ya fita nema.

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga doguwar tafiya. A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna, ƙarƙashin jagorancin madugu, su shafe watanni suna yada zango kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, domin sayo goro. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji mai maƙwabtaka da Rano, daga zuriyar irin waɗannan fatake na Agalawa ya fito.

Sanyin ƙasa ya fi na sama

A watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a ƙasar Kano kan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka da asuba. Yawancin mutane kan ɗauka cewa kaurin mayafi ne maganin wannan sanyi, alhali ƙasar da mutum ya kwanta a kai ta fi iska saurin zuƙe ɗumin jikinsa. Bargon da aka danne da nauyin jiki kuwa ba ya riƙe ɗumi sosai, saboda an matse iskar da ke cikin gashinsa.

Dalili ke nan da ya sa buzu, wato fatar rago mai gashi da malamai da almajirai suka daɗe suna yawo da ita, ya yi fice. Gashin yana tare iska, fatar tana tare danshi, ga shi kuma da rana ya zama abin salla da wurin zama. Tabarmar kaba ta fi shi arha da faɗi, amma ita kaɗai ba ta hana sanyi ratsowa, sai an sa kwali ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashinta. Idan ƙasa na da laima, shimfiɗa buhu ko leda tukuna yana hana kayan jiƙewa.

A ƙasashen Turai da Amurka, masu yawon shaƙatawa da jaka a baya kan kashe kuɗi masu yawa wajen sayen buhun barci da 'yar katifar soso mai naɗewa. Hikimar dai ɗaya ce da ta mai buzu, wato raba jiki da ƙasa.

Abin da fataken dā ba su samu ba shi ne gidan sauro mai magani. Ba shi da nauyi, kuma ga wanda zai kwana kusa da gonakin shinkafa ko magudanan ruwan Tiga, barinsa a gida ganganci ne, ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke.

Haka kuma kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kan kashe mutum cikin barci, domin iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari.

Abin da ba ya lalacewa

A fannin abinci kuwa, ruwa ne ke sa kaya nauyi, shi ne kuma ke sa su rubewa. Saboda haka guzurin gargajiya kusan duk busasshe ne: ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dakuwa, aya, dabino da garin kwaki.

Masana abinci sun nuna cewa maiƙo yana ba jiki ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da sitaci ke bayarwa a nauyi guda. Shi ya sa ɗan ƙullin gyaɗa ko dunƙulen dakuwa ke riƙe ciki fiye da yadda girmansa ya nuna. Garin kwaki ya fi kowanne arha, sai dai kusan sitaci ne zalla, kuma haɗa shi da ƙuli-ƙuli ne ke cike giɓin sinadarin gina jiki. Kilishi da dambun nama suna jure kwanaki, amma tsadarsu ta mayar da su guzurin masu hali. Ita kuwa fura ta ranar farko ce ko ta biyu, in ban da ga makiyayin da nono ke tare da shi.

Akwai kuma abin lura game da gyaɗa. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya.

Babban rauni na wannan guzuri shi ne buƙatarsa ga ruwa. Ba a cin gari ko dama fura sai da shi, kuma matafiyi kan ɗiba ne daga kududdufi ko magudanar da ya tarar a hanya, inda cututtuka irin su kwalara da taifot ke yaɗuwa. Jami'an lafiya na ba da shawarar a tafasa irin wannan ruwa, ko a sa masa ƙwayar sinadarin kulorin a bar shi kimanin rabin sa'a kafin a sha.